Kwalliyar fuska ko haɗa hular gashi: wanne ya kamata ɗaliba ta kama?

'Yar'uwa, kin ce saura miki shekara biyu ki kammala karatu a sashen wasan kwaikwayo, an kuma nemi ki zaɓi ɗaya tsakanin kwalliyar fuska da haɗa hular gashi, wato wig. Kina son sanin wanne zai taimake ki tun kina ɗaliba, wanne kuma zai riƙe ki bayan kin karɓi takardar kammalawa. A ganina kwalliya ta fi saurin kawo kuɗi, gashi kuma ya fi ƙarancin masu iyawa, don haka amsar tambayarki ta farko daban take da ta biyu.

Kwalliya ƙofarta a buɗe take. Da burushi masu kyau, da hoda da fandeshan na launin fata iri-iri, da 'yan ƙawaye da za su ba ki aron fuskarsu, za ki iya tara hotunan aikinki cikin 'yan watanni, ki fara samun kira daga amare da masu ɗaukar hoto da ɗaliban da ke shirya gajeren fim. Aikin na sa'a ɗaya ne ko biyu, yawanci a ƙarshen mako, saboda haka ba ya cin karo da darasi. Sai dai ƙofar da ta buɗe miki ta buɗe wa kowa, kuma bidiyon koyarwa a intanet ya sa masu sana'ar sun yi yawa. Abin da ke raba gwana da 'yar koyo ba a cika ganinsa a hoto ba: ta san yadda launi ke sauyawa tsakanin hasken rana da fitilar dandamali, tana ɗibar jan baki da ɗan cokali maimakon ta goga sanda ɗaya a leɓen mutum goma, tana gwada gam ɗin manna gashi a fatar hannu kafin ta kai shi fuska. A wurin ɗaukar fim kuma ba a bin labari a jere, don haka raunin da kika zana a kumatun ɗan wasa yau za a iya neman ki maimaita shi daidai bayan mako uku, kuma hotunan da kika ɗauka da bayanan da kika rubuta ne kaɗai za su cece ki.

Hular gashi kuwa sai an zauna mata. Ana fara ta ne da auna kan mai sakawa: a naɗe kan da leda mai laushi, a bi ta da salatif har ta ɗauki siffarsa, a zana iyakar gashin goshi da ta kunne da ta ƙeya, sannan a cire wannan ƙoƙon a ɗora shi a kan dungu mai siffar kai da za a yi aiki a kansa. A bisansa ake ɗinka raga mai ƙananan idanu, sai a ɗauki allura mai 'yar ƙugiya a baki a riƙa ƙulla gashi a jikin ragar. A ƙeya ana iya ƙulla sili biyu ko uku a tare, amma a goshi sai sili ɗaya-ɗaya, kowanne yana kwantawa ta inda gashin mutum ke kwantawa, domin nan ne idon mai kallo da na kyamara ke fara sauka. Kan mutum na ɗauke da gashi wajen sili 100,000, kuma ko da yake hula ba ta buƙatar kaiwa haka, wadda aka ƙulla da hannu gaba ɗayanta kan ci mako guda ko fiye na cikakken aiki. Ga kuma sanin kaya. Gashin mutum yana da ɓawo da ke kwance daga tushe zuwa baki, idan aka gauraya kai da gindi sai hular ta riƙa cukurkuɗewa. Gashin roba, irin Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan ke yi, ya fi araha kuma yana riƙe salo, amma yawancinsa ba ya jure zafin ƙarfen gyaran gashi. Gemu da gashin baki sau da yawa da gashin yak ake yin su, wata dabba dangin saniya da ke tsaunukan Asiya, saboda kaurinsa.

Wannan wahalar ce ta sa ɗaliba ba za ta ci moriyar gashi da wuri ba, domin shekarar farko kusan duk ta koyo ce, kayan koyon ma ba su da arha. Amma ita ce kuma ke tsare wanda ya iya. Manyan gidajen wasa na Landan da New York kan yi wasa takwas a mako, kowace hula kuma sai an goge gam daga ragarta, an wanke ta a kan kari, an sake naɗe ta, an gyara inda ta yage. Wannan aiki ne mai ɗorewa muddin wasan na gudana, ba irin na mai kwalliyar da ke jiran waya ba. Akwai kuma masu buƙatar da ba ruwansu da dandamali: masu shan maganin ciwon daji da gashinsu ya zube, da masu cutar zubewar gashi, da waɗanda suka ƙone. Aiki da su yana son tausasa harshe da riƙe sirri.

Ba na son ki ɗauka cewa sana'o'in biyu kishiyoyi ne. Max Factor, wanda sunansa ya zama tambarin kayan kwalliya, a wurin mai haɗa hular gashi ya koyi aiki yana yaro, ya ƙaura Amurka a 1904, ya sayar wa masu fim huluna, a 1914 kuma ya fito da man kwalliya mai laushi da ba ya tsagewa a fuska a gaban kyamara. Kyautar fina-finai ta Oscar a ɓangaren kwalliya, wadda aka kafa a 1981, an sauya mata suna a 2012 aka haɗa da gyaran gashi. A 2021 Mia Neal da Jamika Wilson suka zama baƙaƙen mata na farko da suka ci ta, kuma ita Neal ta fito ne daga shirin koyon aikin gashi da kwalliya na makarantar Juilliard da ke New York. Makarantu irin su London College of Fashion ma a kwas ɗaya suke koyar da su. Ƙaramin fim ko ƙaramar ƙungiyar wasa ba ta da halin ɗaukar mutum biyu, wadda ta iya duka ita ake kira.

Sauran magana ta hali ce. Mai kwalliya a tsaye take yini, tun asuba wani lokaci, hannunta a fuskar mutumin da ƙila ransa a ɓace yake, ana kuma ƙirga mata mintoci. Mai gashi a zaune take ita kaɗai, ƙarƙashin fitila, wuya da ido suna biyan kuɗin. Wadda shiru ke damunta ba za ta daɗe a teburin ƙulli ba, komai kyawun hannunta.

Da ni ce ke, da na zaɓi gashi a makaranta, inda akwai malami da kayan aiki da lokacin yin kuskure, na riƙe kwalliya a ƙarshen mako don kuɗin kashewa da tara hotuna, domin kwalliya ana iya ci gaba da gogewa a kanta a waje, ƙulli kuwa da wuya a same shi ba tare da wani ya riƙe miki hannu ba. Kafin ki cike takardar zaɓi, ki nemi ƙyallen raga da allura a sashenku, ki ƙulla gashin baki guda ɗaya, tunda da irinsa masu koyo kan fara. Idan kin kai dare na uku kina jin marmarin komawa kansa, ki rubuta gashi. Idan kuwa tun daren farko kike duban agogo, ki rubuta kwalliya, ki koyi saka hula da cire ta da wanke ta kawai.