Cibiyar sulhun iyali a kudancin Landan: yadda suka haɗa maigidana da mahaifinsa

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar. Ɗayan da na riƙe saboda ofishinsu ne, ita mai sulhun ba ta da laifi.

Maigidana ɗan asalin Jamaika ne, haihuwar Landan. Yana firamare mahaifinsa ya fice daga gida, daga nan ko gaisuwa babu, har muka yi aure muka haihu. Sai da ciwon suga ya kwantar da tsohon sannan ƙanwarsa ta nemo mu. Ni na matsa a sami mai shiga tsakani, don na san halin mijina: in aka bar su su biyu a ɗaki, sai dai a tashi ba wanda ya ce uffan.

Cibiyar tana kusa da Brixton. Sai sun zauna da kowa shi kaɗai kafin su haɗa su. Fam 85 muke biya duk zaman awa ɗaya da rabi, kuma suna yi wa 'yan fansho ragi. Ba arha, amma ban yi da-na-sani ba.

Wadda aka ba mu dattijuwa ce, iyayenta mutanen Barbados, kuma nan sa'armu take. Ba sai an yi mata bayanin yadda gidajen mutanen Karibiyan suka tsattsage ba. Ita ta lallaɓa surukina har ya buɗe baki. Ashe iyayensa sun taho Ingila a 1961, suna rige-rige kafin dokar 1962 ta taƙaita shigowar mutanen ƙasashen renon Ingila, suka bar shi wurin kakarsa a Clarendon, can Jamaika. Abin da ya sani game da uwa da uba shi ne gangar kaya da ke zuwa ta jirgin ruwa: sabulu, shinkafa, takalmin da aka saya bayan an zana ƙafarsa a takarda an aika. Yana da shekara 11 aka ɗauko shi, ya tarar da ƙannen da bai taɓa gani ba, da uban da ba ya magana sai faɗa. Mijina ya haura arba'in bai taɓa jin wannan labari ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta bari labarin ya zama mafaka ba. Da tsohon ya gama, ta ce, “Baba, mun ji naka. Ga yaron da ka bari nan, shi ma a ji nasa.” Bai so ba, har ya laluba sandarsa zai tashi. Ta ƙyale shi ya huce, ba ta roƙe shi ba, ya koma ya zauna da kansa. Haka kuma ba ta taɓa ce wa mijina ya yafe ba. Ni da na tashi da jin cewa uba uba ne ko me ya yi, da farko abin ya tsaya mini a rai, amma na lura rashin tilascin ne ya sa yake komawa.

Ta kuma gane fargabar takardu da ke cin tsohon tun badaƙalar Windrush ta 2018, lokacin da aka gano an tsare, har an kori, mutanen da suka zo tun suna yara bisa ƙa'ida, abin da ya sa Amber Rudd ta ajiye muƙaminta na ministar cikin gida ta Birtaniya. Ta haɗa shi da masu ba da shawarar shari'a kyauta. Wannan ba ya cikin abin da muka biya.

Ofishin kuwa sai haƙuri. A kira waya ba a ɗauka, an taɓa ɗage mana zama ba a sanar da mu ba sai da muka iso, ga ɗakin a saman bene, mai sanda yana hawa yana haki. Bayan zaman ƙarshe ma ba wanda ya bibiye mu.

Har yau surukina bai furta ban haƙuri ba, mijina kuma bai kawo shi gida ba tukuna. Suna dai haɗuwa ran Lahadi su buga domino, yara ma sun ga kakansu. Duk mai niyyar zuwa ya tura saƙon imel maimakon waya, ya nemi mai sulhun da ta san tarihin Karibiyan, in kuma da tsoho a tafiyar ya nemi ɗakin ƙasa tun wurin ajiye rana.