'Yar rediyon sola mai cin memori: a darasi ɗaya ta tsayar min da yara

Duk malamin firamaren ƙauye da ke shirin sayen 'yar rediyon nan mai farantin sola a baya, wadda ake saka wa memori, ya dakata ya ji yadda muka kwashe da ita. Ba sai na kama sunan kamfani ba, irinsu sun cika kasuwa, launi ne kawai ya raba su, kuɗinta kuma kun sani. A Haɗeja na saye ta, wajen wani mai kayan wuta da ya rantse min cewa caji ɗaya sai ta kwana tana magana.

'Yan aji biyu nake riƙewa a wani gari cikin ƙaramar hukumar Auyo, kuma kusan rabin 'yan ajina daga wani ƙauye suke zuwa a tsallaken fadama. Zangon farko yana shiga ne a Satumba, daidai lokacin da kogin Haɗeja ya cika ya batse, balle in an sako ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, ga kachalla ta toshe masa hanya, sai ya bazu ya yanke turba. A 2022 ma ajujuwan namu waɗanda ambaliya ta tasa ne suka zauna a ciki. Bana da sauƙi, makaranta a buɗe take, amma rabin aji na gabana, rabi na can bayan ruwa, kuma ba uban da zai ɗora ɗan shekara bakwai a kwale-kwale kullum safiya saboda boko.

A wajen bita ana ta yi mana zancen Zoom da Google Classroom, manhajojin da ake koyarwa da su ta intanet. Akwai kuma manhajar Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Na leƙa ta, abu ne mai kyau, har darussa da Hausa akwai. To amma wace waya? A ƙauyen nan rakani-kashi ce a hannun kowa, sabis kuma sai ka hau tudu. Data ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kuɗin caji ma bai koma yadda yake ba tun cire tallafin mai a Mayun 2023. Abin da na ga ya ɗan yi aiki lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, shi ne darasin gidan rediyo. Sai dai shi yana da lokacinsa, yaro kuma a wannan lokacin yana gonar shinkafa yana korar jan-baki. Shi ya sa na ce bari in naɗi muryata da kaina, a kunna musu bayan magariba.

Gaskiya ranar farko ta burge ni. Muryarta garau, ba ƙara-ƙara, kuma tana cika zaure. Ta ɗan ba ni haushi da ta ƙi karanta abin da na naɗa, ashe MP3 kaɗai ta sani, sai da yaron shagon caji ya juya min su a kwamfutarsa. Na jera darussan haɗa baƙi da wasali da na ƙirga, na tsallaka na damƙa wa mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, nan ake kunnawa, nan kuma ake wucewa gaba. Kullum darasi ɗaya."

"Kar ka damu, Malam. 'Ya'yanmu ne, ai ka gama naka."

Da na sake samun tsallakawa, an kwana biyu, a lissafina ya kamata a ce sun kai ga haɗa gaɓoɓi su fitar da kalma. Aka tara min su a zaure kan tabarma. Ina cewa bismillah sai suka ɗauka baki ɗaya: "Yara, ku zauna da kyau, yau za mu koyi wasula." Maganata ce ta farkon darasi, da irin jan muryata. Suka zarce a, e, i, o, u, suka shiga ba, be, bi, bo, bu, ba gargada. Akwai wajen da tari ya sarƙe ni lokacin naɗin, wallahi da suka iso gurin sai duk suka yi tarin tare, sannan suka ci gaba. Dattawan da ke bakin ƙofa suka fashe da dariya, ni ma na yi. Sai na ce to mu je darasi na biyu. Shiru. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai shi kenan wanda take yi."

A nan na zauna na binciki abin. Wannan rediyo duk lokacin da aka kashe ta, ko caji ya ƙare, ba ta tuna inda ta tsaya, farko take komawa. Ba ta da ɗan gilashin da zai nuna maka lambar abin da take kai. Madannin wucewa gaba kuma shi ne dai na ƙara murya: ka taɓa ka saki ta wuce, ka ɗan riƙe ta ƙara sauti. Mai unguwa dattijo ne, in ya danna abu sai ya tabbatar ya dannu, saboda haka kullum murya yake ƙurewa. Murya a ƙure kuwa caji take sha, kafin darasi na biyu ya kankama ta mutu. Washegari a shanya ta a rana, farantin solar da bai fi tafin hannu ba, ga hadari, ta ɗan samu abin da ta samu, da daddare a koma kan "Yara, ku zauna da kyau." Haka aka yi ta yi. Su a zatonsu maimaitawar ce karatun.

Raina ya ɓaci sosai, don waɗancan na aji sun yi musu nisa. Na koma wa mai shago, ya juya ta a hannu ya ce, "Haba Malam, ai wannan don jin wa'azi da labarai aka yi ta, ba don makaranta ba." Ranar da yake karɓar kuɗina bai faɗi haka ba, alhali na gaya masa abin da zan yi da ita. Canji babu, mayar da kuɗi babu. Da muka buɗe bayanta, batirin irin dogon nan ne na tocila, 18650, an rubuta masa lambar ƙarfin caji mai tsoratarwa a jiki amma sakayau yake a hannu. Na sayi mai nauyi na canza, nan take ta ƙara jimiri. Wato kwanan da aka ce za ta yi tana magana, da batirin da ta zo da shi, ƙarya ce tsagwaronta.

Na so in jefar da ita cikin kwali in manta. Abin da ya hana ni, da ruwa ya janye yaran suka dawo, na rubuta gaɓoɓin darasin farko a allo a hargitse, sai ga shi bayan ɗan nuni kaɗan sun fi 'yan cikin gari saurin kamawa, don sautin ya riga ya zauna musu a kunne. Ƙannensu da ba su isa shiga makaranta ba ma suna rera shi. Hedimasta har ya tambaye ni ko za a nemo wasu. Na ce da babu gara ba daɗi, amma a sani ita magana kawai take yi, ba ta jin yaro. Ba ta san wanda ke rubuta b a juye ba, ba ta san wanda ya yi barci a bayan zaure ba. Wannan sai malami ya je da ƙafarsa ya duba littafi.

Kuma ko yanzu ba ta daina ba ni ciwon kai ba. Ba ta bin lambar da ka sa wa darasi, yadda aka zuba su a memori haka take jero su, sai ka ji na biyar ya riga na uku. Ramin memorin ya fara sakwarkwacewa, sai an tokare shi da 'yar takarda. Ga fitilar da aka maƙala mata a gefe, wadda ta zama fitilar zaure, tana cinye cajin da aka tara don karatu. Dabarar da na koma yi ita ce darasi ɗaya tak a kowane memori, in ba mai kwale-kwale sabo ranar kasuwa ya karɓo min tsohon. Kuɗin memorin daga aljihuna, na mai kwale-kwale ma haka.

Wanda duk da haka zai saya, ya nemi mai gilashin da ke nuna lamba, mai madannin murya daban. Ya tafi da memorinsa, a gaban mai shagon ya kai ta abu na uku, ya kashe, ya sake kunnawa. In ta koma na farko, ya ajiye masa kayarsa.