Gwajin ruwan laka da muka yi wa Baba a wani asibitin kuɗi a Ikeja

Jama'a da yawa a Agege sun ta tambayata wai ya ta kaya da asibitin da muka kai Baba, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Sunan wajen dai ba zan faɗa ba, saboda akwai inda suka ɓata min rai.

Baba shekara kusan 40 yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba da ke Agege, mutumin da yake riƙe bashin mahauta ashirin a ka ba littafi, sai ga shi yana manta raka'a nawa ya yi, yau garau gobe kamar ba shi ba, da magariba kuma ya ce ga yara nan zaune a kan tabarma a ba su abinci, alhali ba kowa. Inna ta ce sammu ne, kawunmu ya ce gigin tsufa ne a bar shi. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, daga ƙarshe dai muka tafi wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Likitar nan wallahi ta burge ni. Ta duƙa ta gaida shi, "Baba sannu, ina kwana", da 'yar Hausarta ta koyo, sannan ta zaunar da mu ta ce ciwon mantuwa kala-kala ne, kuma furotin ɗin da ke cikin ruwan da ya zagaye laka da ƙwaƙwalwa yana taimakawa a rarrabe. Idan Alzheimer ce, furotin da ake kira amiloid 42 yana raguwa a ruwan domin ya je ya daskare a ƙwaƙwalwa, shi kuma wani furotin da ake kira tau sai ya hau. Nau'in mantuwar da ke lalata gaban ƙwaƙwalwa, wanda mutum ke sauya hali ya daina jin kunya, a nan wani da ake kira NfL ne yake tashi sosai. Wanda hawan jini da ƙananan shanyewar jiki ke jawowa kuwa hoton MRI ya fi nuna shi. Har zane ta yi min a bayan takardar rasit, yana nan a aljihuna har yau.

Ɗibar ruwan ita ce muka fi tsoro, don a unguwa an cika mu da cewa allurar baya tana gurgunta mutum. Ashe can ƙasan baya ake sokawa, ƙasa da inda lakar ta ƙare. Suka kwantar da shi ta gefe ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji, aka kashe wajen da allura, ruwan ya riƙa ɗiga fari tas kamar na famfo, cikin wata 'yar kwalbar roba. Nas ɗin ta ce min ba kowace kwalba ba ce, wai amiloid yana mannewa a jikin gilashi sai sakamako ya fito ba daidai ba. Minti 20 an gama. Ciwon kai ya yi na kwana biyu, in ya kwanta ya lafa.

To yanzu ga inda suka gaza. Kuɗin da aka faɗa min a waya daban, wanda na tarar a kanta daban, wai an ƙara na aika samfurin ƙasar waje tunda ba a nan ake aunawa ba, jimilla dai kuɗin bijimi mai kyau ya tafi. Suka ce sati biyu, sai da muka yi biyar, ka kira ba a ɗauka, sau biyu ina cin gosulon Ikeja in je a ce min "bai iso ba", ita kuma ta gaban tebur ko ɗago kai ba ta yi tana ta latsa waya.

Da ya fito, amiloid ya ɗan sauka kaɗan, tau lafiya lau. Likita ta haɗa da gane-ganen da yake yi da yadda jikinsa ya fara sandarewa, ta ce ya fi kama da wani nau'in ciwon mantuwa da ake kira Lewy. Ta faɗa min gaskiya cewa gwajin bai yanke hukunci shi kaɗai, akwai na wani furotin da ake kira alfa-sinuklin da ya fi dacewa da wannan nau'in amma ba su yin sa. Abin da ya fanshe kuɗina shi ne gargaɗin da ta yi, kar a kuskura a ba shi haloperidol, wani maganin taɓin hankali, masu irin wannan ciwo yana iya kayar da su warwas, kuma saura ƙiris ƙanina ya sayo a kemis saboda wani ya ce yana sa barci. Donepezil ta rubuta masa.

Likita da nas na ba su biyar cikin biyar, gaban tebur ɗaya ma alfarma ce. In za ku je ku sa a rubuta muku cikakken kuɗin a takarda tun kafin a taɓa bayan majinyaci, ku tafi da wanda ke kwana da shi, don tambayoyin dare Inna ce kawai ta iya amsawa.