Gargaɗi ga masu ƙera ƙananan jiragen ruwa: wani “Injiniya” ya damfare mu Naira 443,000 a Gombe

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne mutum da furfura a gemu ya fito ya ce an yi masa wayo a kan abin da mutane ke kira kayan wasan yara. To amma shekaranjiya wani matashi daga Bauchi ya turo mini tallar da aka yi masa a waya, yana neman shawara. Ina buɗewa na ga hotunan nan, bidiyon nan, har kalaman da aka yaudare mu da su, suna kawai aka canza. Shi ya sa na ajiye kunya gefe.

Ni kafinta ne a nan cikin garin Gombe. Tun muna yara, lokacin da tsararrakina ke yin motar kara da motar gwangwani, ni hankalina yana kan ruwa, saboda kakannina na wajen uwa mutanen Dadin Kowa ne, kuma duk hutu can ake kai ni. An gama madatsar ruwan garin a 1984 a kan kogin Gongola, muka tashi muna kallon masunta da kwalekwalensu. Yanzu mu shida ne muke wannan sha'awa ta ƙera ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da rimot: ni, da wani malamin lissafi, da mai gyaran waya, da ma'aikacin jinya, da ɗalibai biyu. Wata Lahadin mukan bi hanyar Biu, mu wuce Kwadon, mu sami gefen ruwa mai natsuwa mu saki jiragenmu. Idan aljihu ya ƙi, tafkin kifin wani bawan Allah muke roƙa.

Gangar jikin jirgi ba ta gagare mu. Katako akwai, filawud akwai, gam da fenti akwai. Ni da hannuna na ƙera jirgin jan kaya mai tsawon santimita 80, wato jirgi mai mita 24 aka rage shi sau 30. Wata huɗu ina kansa bayan an tashi daga aiki. Na shafe cikinsa da ƙaro mai hana ruwa shiga har shafi uku, na sa shi a bahon wanki na yi ta jera masa guntayen ƙarfe a ciki har ya nutsa daidai layin da na ja masa. Abin da ke ba mu wahala shi ne kayan ciki: moto, da na'urar da ke daidaita gudunsa, da sandar farfela, da ƙaramin injin da ke juya wutsiya, da rimot, da batir. Waɗannan ba a samun su a babbar kasuwar Gombe, sai an aika Legas ko Kano, ko a yi oda daga Caina a zauna jira. Ta wannan ƙofa mutumin ya shigo mana.

A Facebook ya fara ganin hoton jirgina, ya yaba, ya nemi lambata. Ya ce shi injiniya ne, asalinsa ɗan Bauchi, amma yana zaune a Legas yana shigo da kaya daga birnin Gwanzu na Caina. Hausarsa tas, ba gargada. Ba ya kira na sai da “Babban Yaya”, kuma ba ya fara maganar ciniki sai ya tambayi iyali da aiki. Abin da ya fi sa na saki jiki shi ne ya san harkar. Ya tambaye ni kaurin sandar farfelata, milimita 4 ce ko 3. Ya ce in riƙa cusa giris a bututun sandar don kada ruwa ya bi ta nan. Duk wanda ya taɓa kwashe ruwa daga cikin jirginsa da soso ya san wannan magana gaskiya ce. Ban san ko ya taɓa ƙera jirgi ba ko karantawa ya yi, amma ya yi shiri kafin ya zo.

Na gwada shi da ƙaramin ciniki, farfelar tagulla guda biyu da injin juya wutsiya guda ɗaya, Naira 11,500. Kwana biyar kaya suka iso tasha, masu kyau, babu algus. Na kai wa abokaina suka juya suka yaba. Yau na gane cewa wannan tsaba ce aka watsa wa kaji, kuma ni ne na kira sauran kajin. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Bayan ƙaramar salla sai ya ce yana da kwantena da za ta taso, idan muka haɗa oda mu shida zai ba mu a farashin sari. Kowa zai sami moto marar burushi, da na'urar gudu mai sanyaya kanta da ruwa, da rimot mai 2.4GHz, da batir. Duka Naira 380,000, rabi kafin alƙalami, rabi idan kaya sun sauka. Muka haɗa 190,000 na tura. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, na mace ne. Da na tambaya ya ce na maiɗakinsa ne, nasa yana da matsalar BVN. Na ce to Allah ya kyauta, na wuce wurin.

A nan ne Malam, mai lissafin nan, ya fara tsaki. Mutumin ya turo mana hoton ƙaramin jirgin Titanic da ya ce yana sayarwa, wai an rage shi sau 200, tsawonsa mita biyu cif. Malam ya ɗauki biro a bayan takardar siminti a shagona ya ce: “Titanic mita 269 ne. Raba da 200, ka sami mita ɗaya da santimita 34 da rabi. Ina mita biyu ta fito? Wanda ke sayar da abu bai san awonsa ba?” Na ce masa, “Haba Malam, kuskuren baki ne, ba kowa ne ya karanta lissafi irinka ba.” Ya sake nuna mini bidiyon da mutumin ya ce shi ne yake gwada jirgi a wani tafki a Abuja. Ya tsayar da shi a daidai wani wuri, sai ga mutane can baya sanye da manyan rigunan sanyi, itatuwa duk sun kaɗe ganye, wani Bature na jan kare. Ya ce, “Wannan Abujar ta wace ƙasa ce?” Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi, muka ce Malam ya cika bin ƙwaƙƙwafi. Kuɗinsa na ciki, amma mun fi shi yawa.

Daga nan abin ya riƙa tafiya kamar yadda aka saba. Mako uku, ya turo hoton kwalaye ya ce kaya sun sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, muka cika 190,000. Kwana huɗu, ya kira murya a raunane, wai kwastan sun riƙe kayan saboda akwai batir a ciki, sai an biya 45,000, shi ma ya zuba nasa. Muka biya. Sannan wani ya kira ni da wata lamba ya ce shi direba ne, motarsa ta lalace a Akwanga, sai an tura 18,000 a sauya wa saƙon mota, in ba haka ba ya bar shi a bakin titi. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Muka biya. Duk lokacin da aka nemi ƙari, abin da ke zuwa mini a rai shi ne wanda muka riga muka zuba, kada ya tafi a banza saboda ɗan abin da ya rage. Da haka aka ja mu har 443,000.

Abin mamaki, kwali ya iso. Na tafi tasha da ɗana mai shekara 11, wanda tun da aka fara maganar yake ƙirga kwanaki. Kwalin an naɗe shi da salatif kamar gawa, an rubuta lambata da alƙalamin maka. Da na ɗaga shi gabana ya faɗi, domin kayan mutum shida bai kamata hannu ɗaya ya ɗauke su haka ba. Ban iya jira mu kai gida ba, na ari reza wurin mai shayi na yanka a kan bencinsa. Tsofaffin jaridu ne a sama. Ƙarƙashinsu rimot shida na motar wasan yara, irin masu doguwar eriya da ake zarowa, an manna wa kowanne takarda an rubuta 2.4GHz, na ɓare ɗaya sai ga 27MHz a jikin robar. Moto shida ƙanana kamar babban yatsa, kowanne da waya biyu. Na'urar gudu babu ko ɗaya. Yaron ya ɗauki rimot yana latsawa, ya ɗago ya ce, “Baba, wannan ai irin na motar da Kawu ya sayo mini ne da salla.” Mai shayi ya kawar da kai. Na kira Injiniya a tsaye a wurin, waya a kashe. Na duba WhatsApp, hotonsa ya ɓace.

Bari in tsaya a kan baturan, saboda nan ne haɗari yake ko da ba a cuce ka kuɗi da yawa ba. Mun yi ciniki a kan batirin caji da ake kira LiPo, mai ɗaki biyu (wato ƙananan batura biyu a haɗe), 7.4V. Abin da ya zo batura ne masu siffar ƙaramar tocila da ake kira 18650, an rubuta 9900mAh, wato yawan cajin da suke ɗauka, a jikinsu da harafi ruwan zinare. Mai gyaran wayarmu yana gani ya ce ƙarya ce tun daga rubutun, domin batir mai wannan girma na ƙwarai ba ya wuce wajen 3500mAh. Ya ɗora ɗaya a ƙaramin sikelinsa, giram 26. Na gaske yakan kai giram 45 zuwa sama kaɗan. Ya fita waje da filaya ya fasa ɗaya a hankali (kada kowa ya gwada wannan a ɗaki, batir na iya kamawa da wuta), sai ga wani ɗan mitsitsin batir a ciki, sauran wurin an cika shi da gari kamar toka. Irin wannan ne mutum zai sa a caji ya kwanta, iyali na barci.

Da mun san abin da za mu nema, da ba a kai nan ba. Moto marar burushi wayoyi uku ke fita daga jikinsa, mai burushi biyu. Batirin LiPo kowane ɗaki 3.7V ne, idan ya cika 4.2V, kuma banda manyan wayoyi biyu yana da ɗan farin soket na daidaita caji: mai ɗaki biyu siraran wayoyi uku, mai ɗaki uku, wato 11.1V, wayoyi huɗu. Na'urar gudu ta jirgin ruwa mai sanyaya kanta tana da bakuna biyu da ake sa siririn tiyo, ruwa ya shiga ya fita. Rimot mai 2.4GHz eriyarsa gajeriya ce, wani ma ba ka ganin ta, kuma yana zuwa da ɗan akwatin karɓar saƙo da ake sawa a cikin jirgi. Duk mai sayarwa na gaskiya zai yarda ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ya riƙe kayan a hannu, ka ce juya, ya juya, ka ce ƙirga mini wayoyin, ya ƙirga. Namu sau uku ina neman haka, kullum “natuwok ba kyau, Babban Yaya”. Kuma duk wanda yake Legas da gaske yana da inda za a same shi. Waye a Gombe ba shi da ɗan'uwa ko ɗan unguwa a Agege ko Idi-Araba da zai je ya gani da ido kafin a tura ko sisi? Ni ina da su har uku, ban tura kowa ba, wai kada Injiniya ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Bai ƙare a nan ba. Kwana biyu bayan na kai ƙorafi banki, wani ya kira ɗaya daga cikin ɗaliban nan, ya ce daga sashen dawo da kuɗin damfara yake, an kama asusun matar, za a mayar wa kowa nasa, amma ya karanto lambobin da za su shigo wayarsa yanzu. Yaron har ya fara karantawa, Allah ya sa yayarsa na kusa ta fizge wayar. Wa ya san an damfare mu, har ya san lambar yaron, in ba su ba? Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi waɗannan lambobi ko lambar sirrin katinsa.

Ba zan rubuta sunan da ya ba mu ba, domin ba nasa ba ne, kuma mai yiwuwa akwai bawan Allah mai wannan suna da bai ji ba bai gani ba. A wurinmu Injiniya ne ɗan Bauchi mazaunin Legas. A wurin matashin Bauchi ya zama Alhaji ɗan Gombe mazaunin Fatakwal. Na ji kuma ya fara shiga wajen masu ƙananan jiragen sama da motocin rimot. Alamarsa dai ba ta canzawa: ƙaramin ciniki na farko mai kyau, sannan a haɗa oda da abokai, asusu da sunan mace, kwastan, direba a Akwanga, da hoton Titanic mai mita biyu.

Mun buga rasit ɗin duk kuɗin da muka tura da hirarrakinmu da shi, mun rubuta takardar koke zuwa ofishin EFCC da ke nan Gombe, Malam ne ya tsara ta. Wanda abin ya taɓa shafa kada ya goge komai a wayarsa, ko saƙon murya ne, ya kai wa bankinsa a ranar, ya kuma rubuta nasa koken, domin asusu ɗaya da mutum goma suka yi kuka da shi ya fi saurin jan hankali.

Ɗaliban nan biyu na biya su nasu daga aljihuna, kashi-kashi, tunda da bakina suka shiga. Malam ya ƙi karɓa. Jirgina kuwa mai gyaran waya ya ciro masa moto daga wata tsohuwar firinta, muka ɗaura masa farfelar tagullar nan ta cinikin farko. Ranar Lahadi mun kai shi Dadin Kowa. Rimot babu, don haka zaren kamun kifi muka ɗaura masa a baya, yaron na riƙe da bakin zaren, in ya yi nisa ya jawo shi.