Zaman kwantar da hankali ga masu sankarar ƙashi a Damagaram

Cutar ta fi kama matasa, galibi kusa da gwiwa, kuma sau da yawa sai an gaji da mai ɗori ake zuwa asibiti. Zaman da ake yi kafin yanke ƙafa ya cancanci yabo: a zaunar da yaro da mai jinyarsa, a gaya musu zai iya jin zogi a ƙafar da aka cire. Aikin jijiya ne, ba iskoki ba. Jin wannan tun da wuri yana rage firgita ƙwarai.

Inda wannan tsari ya gaza shi ne bayan sallama, bibiya ta yi kaɗan. Ga zirga-zirgar neman magani a Yamai, kusan kilomita 900, mai cinye aljihu. In rashin barci ko ƙin abinci ya wuce mako 2, a koma wurin likita, "sai haƙuri" kaɗai ba ta isa.