Mayar da kayan da aka saya ta intanet: Ingila da Kaduna

'Yan uwa na Kaduna, ina gaisuwa. Abin da ya fi bambanta sayayya a Ingila da tamu shi ne, a nan Ingila mutum na iya fasa cinikin intanet don kawai ya sauya ra'ayi, ba sai kayan sun yi aibi ba.

Dokar 2013 ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14, daga washegarin ranar da kayan suka zo hannunsa, ya sanar da mai shago cewa ya fasa. Saƙon imel ya wadatar, ba a neman dalili. Daga ranar sanarwar yana da wasu kwana 14 na aika kayan, shi kuma mai shago ya dawo da kuɗi cikin kwana 14 bayan kayan sun isa ko an nuna masa shaidar aikawa. Kuɗin kawowa na farko ma yana dawowa, amma na kawowa mafi arha kawai. Wanda ya biya ƙari don a kawo masa washegari, ƙarin ya tafi. Kuɗin mayarwa kuwa yawanci a kan mai saye yake. In mai shago bai faɗi wannan haƙƙi ba tun farko, wa'adin na iya ƙaruwa da wata 12.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne wajen gwaji. Takalmi a sa a kan kafet a ji ko ya yi daidai, wannan babu laifi. A taka shi zuwa biki, ƙasansa ya goge, to za a zabge wani abu daga kuɗin. Akwai kuma kayan da ba su komawa: abin da aka ɗinka bisa awon mutum ko aka rubuta sunansa, abinci mai lalacewa, da irin kayan shafa da aka ɓalle hatiminsu. Saye a hannun mutum mai sayar da tsohon kayansa ma dokar ba ta shafe shi ba.

Kaya mai aibi hukuncinsa daban ne. Dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayarwa da karɓar cikakken kuɗi.

A gida fa? Ba a bar mu hannu rabbana ba, duk da abin da masu sayar da leshi da shadda a WhatsApp da Instagram ke rubutawa cewa in kaya ya fita ba ya dawowa. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ke kula da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa abin da aka kwatanta masa ko suka zo da aibi. Matsalarmu shaida ce. An tura kuɗi asusun wani, an ɗora kaya a mota daga Kano, yaro ya karɓo a tashar Kawo, babu rasit, hoton da aka gani a sitatus kuma ya ɓace bayan awa 24.

Don haka kafin ku tura ko kwabo, ku ɗauki hoton tallar da farashinta, ku sa mai kaya ya rubuta launi da yawan yadi da sharaɗin mayarwa, ku adana shaidar tiransifa. In ƙunshin ya iso, a kunna bidiyo tun kafin a yanke salatif, a warware yadin a gaban kyamara, kuma kada a kai wa tela sai an gama magana.