Fenti ko takardar bango: wanne ya fi dacewa da falo a hunturu kafin Kirsimeti?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Jos ta ce baƙi za su cika mata gida daga Kirsimeti har sabuwar shekara, bangon falonta ya dushe, kuma kuɗin da ta ware ba zai ishi komai da komai ba. Tana so a kwatanta mata sake fenti da manna takardar bango, wadda 'yan kasuwa ke kira walfefa. Ta ƙara da cewa gidan haya ne, falon mita 4 ne da mita 5, kuma tana da yara ƙanana.

'Yar'uwa, kafin a kai ga launi da ado, bangon ne zai fara yanke hukunci. Ki duba ƙasan bango daga daɓe zuwa tsayin gwiwa, musamman wanda ke jingine da banɗaki ko wanda ruwan damina ke duka ta waje. Idan kika ga tsohon fenti ya kumbura, ko wani farin gari mai kama da gishiri yana fitowa, to akwai laima a cikin filasta. Idan ido bai gamsar da ke ba, ki yanko farar leda kamar faɗin littafi, ki manna ta a wurin da salatif ta kowane gefe, ki bar ta kwana biyu. In kin ɓare kin tarar da raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba. A irin wannan bango fentin ruwa zai jure na wani lokaci domin yana barin laima ta fita, amma takarda, wadda galibi fuskarta roba ce, tana toshe laimar a bayanta har fumfuna ta yi baƙi, gam ya saki, gefuna su fara naɗewa. Takardar da ta saki kuwa maɓoya ce ga kyankyaso da kuɗin cizo.

Sai lissafin kaya. Kewayen falonki mita 18 ne, idan tsayin bango mita 3 ne kin sami murabba'in mita 54, a cire ƙofa da tagogi a ce saura wajen 46. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya a kan bango mai santsi, don haka shafa biyu za ta ci lita 9 zuwa 10, wato rabin bokitin lita 20. Mai araha yakan cinye bokitin gaba ɗaya saboda sai an maimaita sau uku kafin tsohon launi ya ɓuya, shi ya sa arahar tasa ba ta cika zama araha ba. Ita kuwa takarda, ƙaramin naɗi faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10, yana ba da falle uku na mita 3, wato naɗi ɗaya bai rufe fiye da mita ɗaya da rabi da ɗan ɗori na faɗin bango ba. Zagaye falon duka zai buƙaci naɗi 11 ko 12, kuma idan zanen manyan furanni ne da sai an daidaita su falle da falle, asarar yanka za ta ƙara adadin. Akwai babban naɗi mai faɗin mita 1.06 da tsawon mita 15.6, wanda ke rage yawan mahaɗa, amma yana son mai aiki da hannunsa ya faɗa. Bango ɗaya mai mita 4 kuwa ƙaramin naɗi uku ya ishe shi, a sayi na huɗu saboda kuskure, kuma a tabbata lambar rini da ke jikin takardar shaidarsu iri ɗaya ce, domin zane ɗaya daga rini daban yakan bambanta a ido da zarar rana ta haska shi.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne yadda kowannensu yake yi da hunturu. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris busasshiya ce ƙwarai, kuma tana ɗauke da ƙura mai laushi kamar hoda, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Bushewar iskar alheri ce ga mai fenti ta wani gefen: damina ta wuce, bango ya sha iska, fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, bayan awa huɗu a yi shafa ta biyu, a gama falo a yini guda. Illarta ita ce saurin bushewar yakan bar sawun rola idan mai aiki ya tsaya hira a tsakiyar bango, don haka a ce masa ya gama kowane bango daga kusurwa zuwa kusurwa kafin ya huta. Fentin mai, wanda ake yi wa ƙofa da ƙarfen taga, shi ne abin tsoro a wannan lokaci, domin yana ɗaukar awa shida zuwa takwas yana danƙo. Na taɓa sa aka yi wa ƙofar falona shi da hantsi ranar da hazo ya sauko, aka bar ta a buɗe don wari ya fita. Da yamma na shafa tafin hannu a kanta na ji ta kamar samfefa, ƙura ta zauna daram a cikin fentin, sai da aka goge aka sake. Idan za a yi shi, a zaɓi ranar da gari ya washe, a yayyafa ruwa a tsakar gida, a rataya tsohon zanen gado mai laima a bakin taga.

Takarda ba ta tsoron ƙura lokacin mannawa kamar yadda take tsoron ƙishirwar bango. Busasshiyar filasta tana tsotse ruwan gam kafin ya kama, takardar da ta jiƙa ta buɗe kuma tana tsukewa da sauri, bayan mako guda sai a ga siririn farin layi a kowace mahaɗa. Maganinsa a fara shafe bangon da gam mai ruwa-ruwa a bar shi ya bushe, a rufe tagogi, a kashe fanka har kwana ɗaya ko biyu. Mai aikin da ke gaggawar zuwa gida na gaba a makon Kirsimeti ba lallai ya yi wannan ba sai kin tsaya a kansa.

Wajen sharewa, takarda mai santsi da fenti mai ɗan sheƙi da ake kira siliki ko satin duk suna karɓar tsumma mai laima. Fentin ruwa na gama-gari ba ya karɓa, yana biyo tsumman. Takarda mai gurji-gurji da faifan soso masu siffar bulo da mutum ke mannawa da kansa suna da kyau a hoto, amma kowane lungu nasu ma'ajiyar ƙura ce, kuma soson yana kama wuta da sauri, gam ɗinsa kuma yakan taho da fatar bango ranar ɓarewa. Ga mai gidan haya wannan ba ƙaramar magana ba ce: bangon da aka yi wa fenti ana mayar da shi launinsa na asali da bokiti ɗaya, amma ɓare takarda aiki ne na jiƙawa da kankarewa da cike ramuka, kuma wasu masu gida ba sa yarda da ita sam, don haka ki fara tambaya.

Game da yara, idan aka ɓata wani wuri a jikin fenti, ragowar da kika ajiye a galan za ta rufe shi cikin minti biyar. Idan aka yaga takarda, sai a canza falle sukutum. Abu ɗaya da za a kiyaye ta ɓangaren fenti shi ne tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, yana iya ƙunsar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro, saboda haka kada a goge shi a bushe yara suna wurin. A jiƙa, a fitar da su, a wanke ƙasa bayan an gama.

Da ni ce ke, fentin siliki zan yi wa falon duka, launin da ya kusanci na ƙasa kamar ruwan madara ko ruwan toka mai haske, tunda fari tas ba ya ɓoye ƙurar Janairu. Iyayenmu da ke shafe ɗaki da farar ƙasa gabanin biki ma kusan lissafin da suke yi ke nan, abin da za a iya sabuntawa da hannu a yini ɗaya. Idan gwajin leda ya nuna bangon bayan talabijin a bushe yake kuma mai gida ya amince, shi kaɗai za a yi wa takarda, kuɗin naɗi takwas da aka huta saya ya tafi ga labule mai kauri, wanda a sanyin Jos zai tare ƙura da iskar asuba fiye da duk abin da ke jikin bango.

A gama aikin a makon farko na Disamba, domin sabon fenti, ko da ya bushe a hannu, yana buƙatar mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi taurin da zai jure wanki. Kayan adon Kirsimeti su zo a ƙarshe, kuma kada a manna su da salatif a kan sabon fenti ko takarda, domin ranar cirewa zai taho da abin da ke ƙarƙashinsa. A ɗaura zare daga sandar labule zuwa ƙusar hoto a rataya ribon da balan-balan a kai. Fitilun ado a zaɓi na LED da ba sa zafi, a nesanta su da labule, kada a cunkusa su a soket ɗaya da talabijin da hita, kuma a zare su daga wuta kafin a kwanta.